Yadda Ake Fara Nutso da Tukunyar Iska da Zaɓen Busasshiyar Riga Mai Sauƙin Kuɗi

Kafin ka kashe ko sisi a kan kayan nutso, ka fara amsa wa kanka tambaya ɗaya: a wane ruwa za ka riƙa shiga? Amsar ce za ta yanke maka kusan komai, musamman maganar riga. Wanda ke zaune a Jidda ko Bur Sudan, ko wanda zai je hutu Hurgada ko Dahab a Masar, Bahar Maliya ce a gabansa, ruwan da ko a tsakiyar hunturu da wuya ya sauka ƙasa da digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, lokacin zafi kuma ya kai 28. Shi kam, rigar roba mai kaurin milimita 3 zuwa 5 ta ishe shi. Amma ɗalibi ko ma'aikacin da zama ya kai shi Ingila, Jamus ko Kanada, lissafinsa daban ne. Tekun Birtaniya kan sauka zuwa digiri 7 ko 8 a ƙarshen hunturu, kuma ko a watan Agusta da kyar yake haura 17. Tsofaffin ramukan fasa dutse da ruwa ya cika, irin su Stoney Cove a Leicestershire da Capernwray a Lancashire, inda ake koya wa sababbin shiga da dama, sukan kai digiri 5 ko 6 da hunturu.

Ruwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska ninki 20 ko sama da haka, shi ya sa riga ba maganar ado ba ce. Iri biyu ake da su. Akwai jiƙaƙƙiyar riga, wadda ruwa kaɗan ke shiga cikinta jiki ya ɗumama shi. Akwai kuma busasshiyar riga, wadda ke toshe a wuya da wuyan hannu, ruwa ba ya taɓa jikinka, kana sanye da kayan ɗumi a ciki. A kanti da intanet za ka same su da sunan wetsuit da drysuit. A ganina, duk wanda zai riƙa nutso a ruwan da bai kai digiri 15 ba, ƙarshenta busasshiyar zai koma. Sai dai ita ce abu na ƙarshe da za ka saya, ba na farko ba, kuma akwai matakai kafin a zo kanta.

Mataki na farko: lafiyarka

Duk makarantar nutso ta gaskiya za ta miƙo maka takardar tambayoyin lafiya. Kada ka bi ta da "a'a" daga sama har ƙasa don kawai a bar ka ka shiga ruwa. Asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, huhun da ya taɓa sacewa, tiyatar kunne, duk waɗannan sai likita ya duba ya sa hannu, kuma an fi son likitan da ya san harkar nutso. Mai juna biyu ba ta nutso sam.

Akwai wanda ya fi shafar mutanenmu, wato sikila. Likitocin nutso suna hana mai cutar sikila shiga, domin sanyi, ƙarancin ruwa a jiki da wahalar da jiki duk suna iya tayar da ciwon, kuma ƙarƙashin ruwa ba wurin da za a yi maka agaji da sauri ba ne. Wanda ke ɗauke da AS ya faɗa wa likitan a fili, ya bar shi ya yanke hukunci. Idan ba ka san ko kai AA ne, AS ko SS ba, ka yi gwajin tukuna. Haka kuma ƙishirwa tana ƙara haɗarin ciwon nutso da zan yi bayani a gaba, don haka shawarata ita ce kada a haɗa nutso da azumi, a jira bayan Salla.

Mataki na biyu: iyo, sannan malami

Da yawa cikinmu mun taso nesa da ruwa, wasu ma an hana mu zuwa kududdufi tun muna yara, don haka ba abin kunya ba ne mutum ya girma bai iya iyo ba. Amma dole ka koya kafin nutso. PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966 kuma ta fi kowace ƙungiyar koyar da nutso yaɗuwa, tana so ka yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, sannan ka zauna a saman ruwa minti 10 ba ka riƙe komai ba. Ba a ƙidaya maka lokaci a iyon, natsuwa ake dubawa. Watanni kaɗan a wurin iyo na unguwa sun isa.

Daga nan ka nemi nutson gwaji na rana ɗaya, wanda ake yi a wurin iyo ko ruwa maras zurfi tare da malami. Da kuɗi kaɗan za ka gane ko ranka ya kwanta da shaƙar iska ta baki a ƙarƙashin ruwa. Idan ya kwanta, sai kwas ɗin farko. A tsarin PADI akwai karatu, darasi 5 a ruwa mai iyaka, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, kuma takardar tana ba ka damar sauka mita 18. SSI, wata ƙungiyar koyar da nutso, ita ma kusan haka take. A Birtaniya akwai BSAC, wadda aka kafa a 1953, tana aiki ta ƙungiyoyin unguwanni da na jami'o'i, malaman 'yan sa-kai ne, matakinta na farko kuma mita 20 ne. Kwas ɗinta ya fi ɗaukar lokaci, amma ga ɗalibi mai ƙaramin aljihu ita na fi ba shawara, domin ƙungiyar jami'a kan ara maka kaya, kuma kana samun abokan nutso ba sai ka nema ba.

Sunan ƙungiyar bai kai malamin muhimmanci ba. Ka tambaye shi ɗalibai nawa yake shiga da su ruwa lokaci ɗaya, kwana nawa kwas ɗin zai ci, kuma kuɗin da aka faɗa maka ya haɗa da hayar kaya, littafi, kuɗin shiga wurin nutso da kuɗin takardar shaida, ko kuwa daga baya za a riƙa tsinto maka su ɗaya bayan ɗaya. Malamin da ya ji haushin waɗannan tambayoyin, ka nemi wani. Idan kuma a ruwan sanyi za ka koya, ka tambaya ko za a haɗa maka da darasin busasshiyar riga a cikin kwas ɗin. Makarantu da yawa suna yi, kuma ya fi sauƙin kuɗi fiye da yin su daban-daban.

Mataki na uku: ka fahimci matsi, domin duk dokokin daga nan suka fito

Bar shi ne ma'aunin matsi, kuma a bakin teku iskar duniya tana matsa ka da bar 1. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1. Wato a mita 10 kana cikin bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iskar da ke cikin kowane abu mai laushi tana tsukewa daidai da haka: a mita 10 ta koma rabi, a mita 30 ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. In ka taso sama sai ta sake buɗewa. Lura da cewa mita 10 na farko su ne inda canjin ya fi tsanani, don haka kada ka ce ai ruwan ba zurfi, babu komai.

Doka ta farko: kada ka taɓa riƙe numfashi. Wannan ya fi zama gargaɗi ga wanda ya taso a bakin kogi, irin Argungu ko Yawuri, ya saba nutso da numfashi ɗaya. Shi iskar da ya shaƙa a sama ita ce za ta tsuke a ƙasa ta dawo yadda take in ya fito, babu matsala. Mai tukunya kuwa yana cika huhunsa a ƙasa da iska mai matsi. In ya cika huhu a mita 10 ya riƙe ya taso, iskar za ta ninka biyu, huhu kuma ba zai iya ɗauka ba, sai ya yage, kumfa ta shiga jini. Tasowar mita ɗaya da 'yan kai da cikakken huhu a rufe ta isa ta yi ɓarna. Saboda haka gwanin kogi sai ya yi aikin mantawa da abin da ya saba. Ko abin shaƙar ya fita daga bakinka, ka ci gaba da fitar da ƙananan kumfa har ka mayar da shi.

Ta biyu, kunne. Tun daga mita ta farko ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji kunnuwan sun buɗe, kuma ka maimaita kowace mita, kafin ciwo ya zo. In ya ƙi, ka ɗan taso ka sake gwadawa. Kada ka yi da ƙarfi, kada kuma ka shiga ruwa da mura.

Ta uku, hawa a hankali. Iskar da ke cikin tukunya ba oksijin zalla ba ce kamar yadda mutane ke zato, iskar da muke shaƙa ce aka tace aka matse, kusan kashi 21 cikin ɗari oksijin, sauran galibi naitirojin. A ƙarƙashin matsi naitirojin yana narkewa cikin jini da tsoka. In ka taso a hankali sai ya fita ta numfashi. In ka yi gaggawa sai ya zama kumfa a cikin jiki, shi ne ciwon nutso: ciwon gaɓoɓi, ƙaiƙayi da tabo a fata, jiri, gajiya mai tsanani, mutuwar sashen jiki. Yawancin kwamfutocin hannu na nutso suna so ka hau mita 9 zuwa 10 a minti. A mita 5 ka tsaya minti 3 kafin ka fito. Bayan nutso ɗaya ka jira aƙalla awa 12 kafin ka hau jirgin sama, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere awa 18, kamar yadda DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, ta ba da shawara. Masu zuwa hutu Masar su sa wannan cikin lissafin ranar komawa. In alamun ciwon suka bayyana, ko bayan awanni ne, a ba mutum oksijin zalla a kira agajin gaggawa, maganinsa yana ɗakin matsi na asibiti. Kafin ka yi nutso a ko'ina, ka san inda ɗakin matsi mafi kusa yake.

Sauran kuwa gajeru ne. Ka riƙa duba ma'aunin iskarka, ka tuna a mita 30 kana shan iska ninki huɗu na yadda kake sha a sama, kuma ka fito da aƙalla bar 50 a tukunya. Kada ka shiga kai kaɗai. Kai da abokinka ku duba kayan juna kafin kowane nutso, ko da kun yi sau ɗari. Ɗaga babban yatsa sama yana nufin "mu fita", ba "lafiya lau" ba, kuma duk wanda ya ɗaga shi an gama, ba a tambayarsa dalili a ƙarƙashin ruwa.

Mataki na huɗu: abin da za ka fara saya

Gilashin fuska, domin kowace fuska da irin nata. Ka ɗora shi ba tare da igiyar ba, ka ɗan ja iska ta hanci, in ya manne bai faɗi ba ya yi. Sai kwamfutar hannu mai sauƙi. A ruwan sanyi kuma hular roba ta milimita 5 zuwa 7 da safar hannu. Tukunya, dalmar da ake ɗaurawa don ƙara nauyi, falmaran mai iska da ake ce wa BCD, da regileta, wato na'urar da kake shaƙar iskar tukunya ta cikinta, duk ka yi haya ko aro tukuna. Ranar da za ka sayi regileta, ka tabbatar an yi ta don ruwan da bai kai digiri 10 ba, domin wadda ba ta sanyi ba tana iya daskarewa ta riƙa zubar da iska babu tsayawa.

Mataki na biyar: ka koyi busasshiyar riga da ta haya

Busasshiyar riga jaka ce ta iska da kake ciki, kuma dokar matsi tana aiki a kanta. In ka sauka sai ta tsuke ta mintsine ka har ta bar shaida a fata, don haka akwai bawul a ƙirji da tiyo daga tukunya, kana danna shi kaɗan-kaɗan. In za ka hau, iskar tana buɗewa, sai ka ɗaga kafaɗar hagu inda bawul ɗin fitarwa yake ta fice. Haɗarin da kowa ke tsoro shi ne iska ta taru a ƙafafu, ta juya ka kai ƙasa ƙafa sama, ta yi sama da kai alhali bawul ɗin yana ƙasa ba ya iya fitar da komai. A darasi za a koya maka yadda ake dunƙulewa a mirgina a dawo daidai, da yadda ake cire tiyo da sauri in bawul ɗin ƙirji ya maƙale yana ta hura iska, da yadda ake buɗe robar wuya ko ta hannu a saki iska in ta ɓaci. A tsarin PADI darasin zama ɗaya ne a wurin iyo da nutso 2 a buɗaɗɗen ruwa. Ba abin da ake koya daga bidiyo ba ne.

Malamai sun rabu a kan abu ɗaya: wasu na cewa ka daidaita nauyinka a ruwa da rigar kaɗai, wasu na cewa ka sa mata iskar da za ta hana mintsini da sanyi kawai, sauran aikin ka bar wa falmaran. Ni na fi karkata ga na biyu, domin ƙaramar iska ta fi sauƙin sarrafawa, amma ka bi malaminka har hannunka ya faɗa. Abin da ba a saɓa a kai ba shi ne yawan dalma. Mai dalma fiye da kima dole ya cika riga da iska, daga nan matsala ke farawa. Ka gwada nauyinka a ƙarshen nutso, lokacin da tukunya ta kusa ƙarewa ta rage nauyin kilo 2 zuwa 3: ya kamata ka iya tsayawa a mita 5 ba ka yin sama.

Takardar wannan darasin tana da amfani ko wajen haya. A Silfra ta ƙasar Aisilan, tsagar da ke tsakanin farantan ƙasa na Amurka ta Arewa da Turai, inda ruwa ke digiri 2 zuwa 4, ba a barin mutum ya yi nutso sai da takardar ko shaidar nutso 10 da busasshiyar riga cikin shekara biyu da suka wuce.

Ka yi haya ko aro na iri daban-daban kafin ka saya. Sai ka sa ka shiga ruwa za ka san abin da jikinka ke so.

Mataki na shida: zaɓe

Da farko ka kiyayi tarko ɗaya. Za ka ga busassun riguna masu arha ƙwarai a intanet, na masu tuƙa kwalekwale da jirgin ruwa ne. Ba su da bawul ko ɗaya, kuma ba a yi su don matsi ba. In ba ka ga bawul a ƙirji da wani a hannun hagu ba, ka wuce.

Yadi iri biyu ne manya. Akwai mai ruɓi uku, siriri, ba ya ɗumi da kansa, duk ɗumin daga kayan ciki yake zuwa. Ba shi da nauyi, yana bushewa da wuri, yana da sauƙin faci, kuma kana iya sauya kayan ciki gwargwadon sanyi. Sakakke ne ba ya kama jiki, abin da 'yan uwa mata masu kula da sutura za su so, ga hular kuma tana rufe gashi da wuya. Akwai kuma na niyofirin, robar da ake yin jiƙaƙƙiyar riga da ita. Yana da ɗumi da kansa, yana miƙewa, amma yana da nauyi, yana jinkirin bushewa, kuma mai kauri irin na milimita 7 yana tsukewa a zurfi, ɗuminsa ya ragu, nauyinka a ruwa ya canja. Wanda aka riga aka matse tun a masana'anta ya rage wannan matsalar, sai dai ya fi tsada. Ga mai farawa da ke lissafin kuɗi, kuma mai yiwuwa ya riƙa tafiya da jirgi, na fi son mai ruɓi uku.

Robar wuya da ta hannu iri uku ce. Lateks ya fi arha kuma ya fi toshewa, amma yana lalacewa cikin 'yan shekaru, wasu kuma jikinsu ba ya karɓarsa. Niyofirin ya fi ɗumi da daɗewa, ana naɗe bakinsa ciki a wuya, amma mai siririn hannu da jijiyoyi a fili zai iya jin ruwa na ɗiga. Silikon yana da laushi, kuma da yake a kan zobe ake ɗora shi kana iya canja shi da kanka a bakin ruwa, sai dai zoben ƙarin kuɗi ne, silikon ɗin kuma yana saurin yagewa. Sabuwar robar wuya ta lateks kan zo a matse. Kada ka daure ka ce za ta saki, domin matse jijiyoyin wuya yana iya kawo jiri har da suma. Akwai layuka a jikinta, ana yanke ɗaya a gwada, da almakashi mai kaifi, yanka ɗaya ba tsinke-tsinke, domin daga ɗan tsagi take yagewa. In ka yanke da yawa babu gyara sai sabuwa, don haka karon farko ka bar wa wanda ya saba.

Zif shi ne abu mafi tsada a gyara. Na tagulla ya daɗe ana amfani da shi, yana da ƙarfi in ana shafa masa kaki. Na roba ya fi laushi da sauƙin ja. Zif na baya, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya fi arha, illarsa kawai sai wani ya rufe maka. Tunda ba ka nutso kai kaɗai, wannan wuri ne mai kyau na rage kuɗi. Aljihu ɗaya a cinya yana da amfani. Launi, sunanka a ƙirji da sauran ƙyale-ƙyale, bar su.

Inda ba a rage kuɗi shi ne awo. Riga mai tsada da ba ta zauna maka ba, mai arha da ta zauna ta fi ta nesa ba kusa ba. In ta yi yawa, iska na yawo a ciki tana wahalar da kai. In ta yi kaɗan, ba ka iya motsi kuma kayan ɗumin sun matse ba sa aiki. Ka gwada ta da ainihin kayan cikin da za ka riƙa sawa. Ka tsuguna har ƙasa. Ka ɗaga gwiwa kamar za ka hau tsani. Ka rungume kanka. Ka kai hannu bayan wuya inda makunnin tukunya yake. In wani cikin waɗannan ya gagara, ba taka ba ce. Takalmin da ke manne da ita ya ɗauki safa mai kauri amma kada ya yi yawa, domin iska na taruwa a nan har filafilan ƙafa su fice. Sau da yawa ma sai ka sayi filafilai masu faɗin baki saboda takalmin.

Farashi kuwa yana farawa daga fam ɗaruruwa ya haura dubu biyu. Kamfanonin Santi na Folan da DUI na Amurka suna sama wajen tsada. A Birtaniya, Seaskin da ke Leeds ta yi suna wajen ɗinka riga daidai awon mutum a farashi mai sauƙi, sai dai kai za ka aika awon kuma za ka jira makonni. Akwai Otter a Bradford, Typhoon, Northern Diver, da O'Three masu aikin niyofirin. In za ka aika awo, kada ka auna kanka. Ka sami tela ko wani mai haƙuri ya auna ka sau biyu, yana bin zanen kamfanin daidai, ba yadda ake awon kaftani ba. A lissafinka ka haɗa da kayan ciki, hula, safar hannu, tiyo da ƙarin dalma. Kayan ciki kada su zama auduga, domin tana riƙe gumi ta sanyaya ka. Ulu ko yadin roba mai gashi-gashi ake sawa, kuma na masu hawan dutse yana iya riƙe ka kafin ka sayi na nutso.

Mataki na bakwai: in ta hannu za ka saya

Nan ne arha ta gaskiya take, domin mutane da yawa kan sayi kaya da zumuɗi su daina nutso bayan shekara ɗaya. Ka fara tambaya a ƙungiyarku da shagunan da ke sayar da tsofaffin kayan haya, kafin eBay ko Facebook. Kada ka biya kafin ka sa ta a jikinka, ko kuma a yarda za ka iya mayarwa.

Fara da zif. Ka ja shi daga farko har ƙarshe a hankali, kana duba haƙorin da ya karye ko ya kauce, zaren da ya tsittsinke a gefe, ko tsagi a robar da ke riƙe haƙoran. In zif ya mutu, ka tambayi shagon gyara kuɗin sabo ka cire daga farashin, sau da yawa za ka ga cinikin bai ci ba. Robar wuya da hannu ka ja su ka duba: in suna danƙo, ko sun yi ƙananan tsage-tsage, sun gama. Wannan ba dalilin fasa ciniki ba ne, gyaransu bai kai na zif ba, amma dalilin neman ragi ne. Ka juya rigar ciki waje ka bi ɗinkin, musamman hammata da tsakanin ƙafafu, ka ga ko tef ɗin da aka liƙa yana ɗagowa. Faci ɗaya ko biyu masu tsabta ba komai. Gam da aka lafta ko'ina alama ce ta rigar da ta daɗe tana yoyo. Ka duba tafin takalmi da gwiwa. Ka haɗa tiyo ka danna bawul ɗin ƙirji ka ga yana dawowa da kansa, ka juya na hannu ka ji yana tafiya.

Sai gwajin yoyo, kuma daidai yake da yadda mai faci ke neman huji a tayar babur. Ka rufe zif, ka toshe hannuwa da kwalabe, wuya da ƙaramin bokiti ko ƙwallo, ka rufe bawul ɗin fitarwa, ka hura iska har ta tashi, sannan ka fesa ruwan sabulu a ɗinki, zif da kewayen bawul. Inda kumfa ke tasowa nan ne hujin. Shagunan gyara ma suna yin wannan gwajin da kuɗi kaɗan, kuma mai sayarwa na gaskiya ba zai ƙi ba. Bayan ka saya, farkon shigarta ruwa ya zama a wurin iyo ko wuri maras zurfi. Ɗan danshi a ƙirji da baya galibi gumi ne. Jiƙa a wuri ɗaya tak, shi ne yoyo.

Mataki na takwas: kulawa

Bayan kowane nutso ka wanke ta da ruwan daɗi, musamman zif da bawul, ka shanya a inuwa. Zif na tagulla ka goge shi da tsohon buroshin haƙori ka shafa masa kakin zuma ko kakin da ake sayarwa don shi, ka ajiye shi a buɗe ba tare da lanƙwasa shi ba. Na roba kuma ana ajiye shi a rufe, a ɗan shafa man silikon a ƙarshensa. Lateks ana barbaɗa masa hoda maras ƙamshi.

Abokan gabar lateks su ne rana, zafi, mai, da iskar da injinan lantarki ke fitarwa. Mu da muka saba shafa basilin da turare mai maiƙo, sai a kula: ranar nutso kada ko ɗaya ya taɓa wuya ko wuyan hannu, domin suna narkar da robar ta koma danƙo. Kada a ajiye rigar kusa da janareta, fetur ko cikin but ɗin mota. Wanda kuma ya gama karatu zai koma Kano ko Damagaram, gara ya sayar da ita kafin ya taso, domin zafin Afrilu a ɗaki zai cinye robobin tana ajiye ba a amfani da ita, kuma ruwan da zai samu a kusa, Bahar Maliya ko gaɓar Tekun Gini, jiƙaƙƙiyar riga yake so. Ya haɗa wa mai saye da tiyon da rasiɗin gyaran ƙarshe, sun fi sa a yarda da farashin.